Idon Hammajoda da Geron Mika'ilu

Hammajoda maƙwabcina ne a wurin sana'a, a Fadaman Mada. Ina suyar masa, shi yana sayar da dusa da harawa a rumfar da ke jikin tawa. Ni Babarbariya ce, shi Bafulatani, to kun san ba a raba mu da tsiya. Ina ce masa bawana, yana ce mini baiwarsa, har furfura ta kama mu ba a yanke wannan shari'a ba.

A daji ya tashi, a bayan shanu. Da ciwo ya shiga garkensu ya share shi tas, sai ya tattaro iyalinsa ya nufo gari, kuma wani manomi a Zungur mai suna Mika'ilu shi ya riƙe su damina guda kafin su sami matsuguni. Abin da ya rage masa na daji shi ne sanin tsuntsaye. Mutumin nan, abu ya gilma a sama, kafin ka ɗaga kai ya gaya maka shirwa ce ko shaho, ya ce a tara 'yan tsaki ko a bar su su yi kiwonsu.

Manoma kuwa jan-baki ke kawo su wurinsa, ɗan tsuntsun nan da ke zuwa kamar hayaƙi ya cinye gona kafin azahar. Kafin rundunar ta iso, 'yan kaɗan kan fara sauka. In su ne, gara mutum ya yanke geronsa ko bai gama ƙosawa ba. In kabare ne, ɓarnarsa kaɗan ce, sai a bar hatsi ya nuna. Wahalar ita ce matan jan-baki da matan kabare duk kalar ƙasa ne, kuma lokacin ƙwai bakin macen jan-baki kan koma rawaya. Hammajoda kan ce kada a yarda da baki. A dubi farin layin da ke saman ido, a dubi girma, a dubi yadda suke tashi tare su juya tare.

To, sai yanar ido ta fara rufe masa gani. Ni na fara lura, don sai ya auna dusa ya zuba rabi a ƙasa. Na ce ya je asibiti, ya ce idon Bafulatani ba ya tsufa. Na ce tabarau fa? Ya ce sai dai in saya wa kakana. Taurin kai dai kamar tsohon jaki, wallahi har haushi yake ba ni.

Ana cikin haka Mika'ilu ya zo a kan babur, hankali a tashe. Geronsa ya yi kyau irin wanda bai taɓa yi ba, saura 'yan kwanaki ya nuna, ga wasu tsuntsaye sun fara sauka a gefen gona. Abincin gidansa na shekara ke nan. Hammajoda ya kakkaɓe riga ya hau bayansa.

Abin da ya faru a can, shi ya ba ni labari da bakinsa daga baya. Ya tsaya a bakin gona, ba ya ganin komai sai ɗigo-ɗigo masu motsi. Maimakon ya faɗi gaskiya, sai ya yi kamar mai gwada ɗalibi, ya tambayi Mika'ilu wace kala ya ga bakinsu. Mika'ilu ya ce rawaya-rawaya. Shi da ya shekara yana hana mutane yarda da baki, sai ya ce kabare ne, a bar gero ya nuna. Ya ce mini kalmar "ban gani ba" ta zo masa har maƙogwaro, kunya ta mayar da ita.

Ba a rufa mako ba rundunar jan-baki ta sauko. Mika'ilu da matansa da 'ya'yansa suka yi ta kaɗa gwangwani har muryoyinsu suka dishe, a banza. Kara kawai aka bar musu. A ranin nan Mika'ilu ya sayar da bijimin huɗarsa ya ciyar da gida.

Abin da ya fi cin Hammajoda shi ne Mika'ilu bai zarge shi ba ko da wasa. Yana ma yawo yana cewa tsuntsayen bana shaiɗanu ne, tunda har Hammajoda suka ruɗa. Duk sanda ya shigo gari sai ya biyo ya gaishe shi. Shi kuwa mutumin nawa ya rame, ya daina tsokanata, in na miƙa masa masa sai ta huce a gabansa. Na ce masa ya faɗa ya huta. Ya ce da wane baki?

Da damina ta zagayo, sai ga Mika'ilu da babur ɗinsa, gero ya kusa nuna, tsuntsaye sun sake sauka. Ya ce Hamma ya taso su je. Hammajoda bai motsa daga kan buhu ba.

"Ba na gani, Mika'ilu," ya ce. "Bara ma ban gani ba. Da na tsaya a gonarka, ban ga ko ɗaya ba."

Ni kuwa na bar masata tana ƙonewa a tanda.

"Da ka faɗa, Hamma, ai da na yanke," in ji Mika'ilu a hankali.

Ya ce mini sai an jima, Yagana, ya tayar da babur, ya koma ya yanke geronsa ɗanye.