Takalman Babur ɗin Yayan Zarah

Idan ka shiga flat ɗin Yaya Nata'ala, gidan bene a unguwar Thamesmead ta London, hawa na shida, abin da za ka fara cin karo da shi wani dogon kwali ne a jingine a bayan ƙofa. Ni kam sau biyu ina buge gwiwa da shi. Ban taɓa cewa a ɗauke ba, don na san abin da ke ciki, kuma da hannuna a cikin ɓarnar.

Ni ce Zaratu, ƙanwar matarsa Jamilatu, Allah ya jiƙanta. Tun ina 'yar makaranta na san Yaya Nata'ala, lokacin yana bakanike a Ƙofar Ruwa a Kano, hannunsa kullum baƙi ƙirin da man inji. Da ya zo London bai sauya sana'a ba. Wani garejin tayoyi ya samu a wajen Plumstead, shekara kusan talatin yana cire taya yana ɗaurawa, har bayansa ya ranƙwafa. Mutum ne mara surutu, kai ka ce sayar masa da magana ake yi. Amma ka taɓo zancen taya, to ka ja wa kanka, sai shayinka ya huce. "Mota ƙafarta ce, Zaratu," haka yake ce mini. "Inji ko na jirgi ne, in ƙafa ba ta dace da hanya ba, aikin banza."

'Ya'yansu biyu, Affan da Zarah, duk a nan aka haife su. Affan ne ɗan fari, kuma a nan matsalar take. Yaya Nata'ala ya taso a gidan da uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya tambayar lafiyarsa kai tsaye. Haka mahaifinsa ya yi masa, bai kuma taɓa shakkar ana son sa ba, don a Kano akwai kakanni da baffanni da za su goya ka, su gaya maka cewa kunya ce. To a hawa na shida wa zai gaya wa yaro haka? Jamilatu dai tun a asibitin haihuwa ta ajiye tata kunyar. Shi kuwa ya riƙe tasa gam. Kafin a haifi Zarah yaron "wancan" ne, bayan an haife ta ya zama "Yayan Zarah".

Na sha raka su filin ƙwallo ranar Asabar. Iyayen Turawa na bakin layi suna kwarara sunayen 'ya'yansu kamar maƙogwaro zai tsage. Yaya Nata'ala yana can nesa jikin waya, hannu a aljihu. Bai taɓa fashin zuwa ba, ko ana ruwa, amma yaron bai taɓa jin muryarsa ba. Na ce, "Yaya, ko tafi ka yi mana!" Ya harare ni.

Jamilatu ce tafintarsu. Ita ke cewa, "Babanka ne ya sayo maka keken nan," ita ke cewa, "Babanka bai yi barci ba da kake zazzaɓi." Da ta rasu, tafinta ya tafi. Ranar sadakar bakwai, bayan baƙi sun watse, ina wanke kofuna a kicin, Affan ya tsaya a gaban ubansa. Lokacin shekarunsa ashirin da huɗu. Yana jin Hausa sarai, amma da Turanci yake amsawa, da Turancin kuma ya yi magana.

"Baba, ka kira sunana. Sau ɗaya kawai."

Yaya Nata'ala ya sunkuyar da kai ya ce, "Ka je ka huta."

Bayan wata biyu Affan ya tattara ya koma arewacin Sweden, can inda rana ke ɓacewa da hunturu. Ya samu aikin gyaran turakan sadarwa. Yana kiran Zarah, yana kirana jifa-jifa. Ubansa kuwa shiru, shekara huɗu. A cikinsu ne ƙodar Yaya Nata'ala ta gaza, ya bar gareji, ya koma zuwa wankin ƙoda sau uku a mako. Likita bai ɓoye masa komai ba. Ni na san abin da yake so kafin ya tafi, ya ga yaron nan ya shigo ta ƙofar nan. Bai taɓa faɗa ba, sai dai duk sanda wayar Zarah ta yi ƙara, sai ya rage sautin talabijin.

Ta haka ne ya ji labarin. A can Sweden babur suke hawa mai tafiya a kan dusar ƙanƙara, snowmobile suke ce masa. Bayansa bel ne mai haƙora, gabansa kuma ba taya, sai wasu dogayen tafuka biyu da ake kira ski. Zarah na ba ni labari a gabansa cewa Yayanta ya daki dutse, ski ɗaya ta tsage. Ta nuna mini hotonsa a kan babur ɗin, ta ajiye wayar a kan tebur ta shiga kicin. Ina kallon Yaya Nata'ala ta wutsiyar ido. Ya ɗauki wayar kamar ɓarawo, ya kafe ta da ido, ya mayar.

Washegari ya kira ni. "Zaratu, takalman babur ɗin nan, a ina ake samunsu?"

Wallahi na ji daɗi. Na ce yau dai dutse ya tsattsafo da ruwa.

Mutumin da bai taɓa taka dusar da ta wuce idon sawu ba, sai ga shi ya zama malami a kan abin. Da kallo ɗaya ya gane samfurin babur ɗin, idon bakanike ke nan. Yana kwance ana wanke masa jini, gilashi a karan hanci, yana karanta bayanai a waya, yana zane a ɗan littafi. Ya yi mini bayani har na haddace. Iri biyu ne. Akwai siriri, faɗinsa bai kai inci shida ba, da ƙarfe mai kaifi a ƙarƙashi wanda ke cizon hanyar da aka daddaɓe ta yi tauri, don kada babur ya zame a kwana. Akwai kuma mai faɗi, wajen inci takwas, na dusa mai zurfi inda ba hanya, shi yana yawo ne a sama kamar tafin raƙumi a rairayi. In ka sa mai faɗi a hanya mai tauri, kan babur zai yi ta rawa. In ka sa siriri a dusa mai zurfi, hanci zai nutse.

Na ce, "To wanne yake bukata?"

Ya mayar da idonsa kan ɗan littafin.

"Yaya, ga lamba a wayarka. Ka kira ka tambaye shi mana! Ko ka bari in tambaya, ko Zarah."

"A ce ina bin diddiginsa? Ki rufa mini asiri. Ki rantse ba za ki faɗa wa kowa ba."

Ni kuma, shashasha, na rantse. Na ɗauka abin mamaki za a yi wa yaro, ya ji daɗi. Da na san yadda za ta kaya, da na karya rantsuwar na yi kaffara.

Hoton nan ɗaya shi ne duk hujjarsa. Ya ce ya ga hanya a share sumul a ƙarƙashin babur ɗin, da sanduna a gefe, da gidaje a baya. Saboda haka siriri. Ya yi oda daga wani kanti a ƙetare, aka kawo nan, don ya ce ba zai aika abin da bai taɓa da hannunsa ba. Ya zauna a ƙasa ya shafa su, ya gwada kowace ƙusa, ya shafa wa ƙarfen mai. Da ya naɗe kwalin sai ya miƙo mini alƙalami.

"Rubuta adireshin."

"Da sunan?"

"Da shi."

"Haba Yaya! Kai ko a takarda?"

Ya kau da kai. Na rubuta. Ko wasiƙa bai saka a ciki ba.

Bayan kwana goma Affan ya kira ni ina cikin bas. Bai ma gaisa ba. "Anti, rubutunki ne a kan kwalin nan, na san shi. Ko sunana bai iya rubutawa ba." Na fara kame-kame, ya katse ni. Ya ce hoton nan ranar hutu aka ɗauka a bakin gari. Aikinsa a kan tsauni yake, inda ba hanya, dusa har ƙugu. Da ya ɗaura waɗannan, da sai an zo an tono shi. "Shekara huɗu, bai san aikin da nake yi ba, don bai taɓa tambaya ba." Na yi kuka a cikin bas ɗin nan, mutane na kallona, ban damu ba.

Kwalin ya dawo, na gaya wa Yaya abin da Affan ya ce. Na zaci Yaya zai yi fushi, amma sai ya ce, "Yana da gaskiya. Ƙafa ba ta dace da hanya ba." Ya mayar wa kantin, suka musanya masa da masu faɗin. Musayar ta ci makonni, jikinsa kuma ya tashi, aka kwantar da shi kusan wata guda. Da ya fito ya naɗe sabon kwalin. Wannan karon bai miƙo mini alƙalami ba. Ya ce in ba shi wuri. Ina leƙe daga kicin, ya fi minti goma a durƙushe a kan kwalin. Da na fito, ga sunan nan da manyan baƙaƙe, a karkace.

Mun makara. Hunturu ya wuce, aikin wancan wurin ya ƙare, Affan ya tashi daga gidan. Kwalin ya sake dawowa da tambarin ba a samu mai shi ba.

Na kira Affan na gaya masa komai, rantsuwa ta bi ruwa. Na ce da hannunsa ya rubuta. Sai ya ce, "Yana da lambata, Anti."

Ranar Lahadi na je flat ɗin da niyyar ko ni ko shi. Na danna lambar, na sa a lasifika, na ɗora masa wayar a tafin hannu. Na ce, "Yaya, ba ka da wani hunturun da za ka jira. Ka san haka, na san haka."

Aka ɗauka. Ya yi sallama, aka amsa. Sannan muryar yaron ta fito, wannan karon da Hausa, Hausar da ban taɓa jin ya yi wa ubansa ba.

"Wa ake nema?"

Ina durƙushe a gabansa, ina kallon bakinsa. Wallahi leɓɓansa sun buɗe, na ga sun kama hanyar sunan. Jijiyar wuyansa ta miƙe, gumi ya keto masa. Ni har ina furtawa a hankali kamar mai koya wa jariri magana.

Ya ce, "Yayan Zarah nake nema."

Layin ya katse. Na sake kira har sau uku, ba a ɗauka ba.

Na zazzage shi ranar, ban rage komai ba, na manta da girmansa da ciwonsa. Ya dafa bango ya miƙe, ya ja ƙafa zuwa bakin ƙofa, ya kama kwalin ya juya shi, sunan ya fuskanci bango. Watanni biyar ke nan, haka yake a jingine, kuma har yanzu in wayar Zarah ta yi ƙara, yana rage sautin talabijin.