Ranar da Inna ta faɗi sunana

Yau shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Inna, mahaifiyata. Ni ce 'yarta ta fari, saboda haka a gidanmu da ke kusa da Kusugu kunya ba ta bari ta kira sunana. "Ke" nake, wani lokaci "waccan". A ɗakin kakata nake kwana. Na taso ina tambayar zuciyata ko tana sona.

Ina da shekara tara Baba ya kwanta ciwo a Legas, inda yake kai shanu. Abokan fataucinsa suka saya mana tikitin jirgi daga Kano. Tun daga Daura nake ta mafarkin taɓa gajimare. Wani ɗan'uwa ya raka mu filin jirgin. Da layi ya zo kanmu, wata ma'aikaciya ta ce an sayar da tikiti fiye da kujeru, guda ɗaya ta rage.

"Hajiya, ki tafi yau, wanda ya rako ku ya sako yarinyar a jirgin gobe. Ya kuke da ita?"

Na sunkuyar da kai, don na san amsar da aka saba bayarwa: yarinyar gidanmu ce. Inna ta daɗe tana murza bakin mayafinta. Ga miji kwance a can, ga ni tsaye a nan.

"'Yata ce," in ji ta. "Bilkisu. Inda ta zauna, nan zan zauna."

Washegari muka tashi, kafaɗata a jikin tata. Ta riƙe hannuna a ƙarƙashin mayafi har muka sauka, ban ma tuna da gajimaren ba. Muka tarar Baba ya samu sauƙi. Da muka dawo gida na koma "ke".

A watan jiya aka raba ni da ɗana na fari a jirgi, shi gaba ni baya. Na yi ta roƙo, ina "ɗana ne, shekararsa biyar", har wani dattijo ya bar mana kujerarsa. Da Inna na nan, da ta riƙe baki ta ce 'ya'yan zamani ba su da ta-ido. Amma na san da ta fi mamakin zamanin da sai uwa ta yi roƙo kafin ta zauna kusa da ɗanta.

Na karanta littattafan soyayya ba adadi, ban ci karo da kalmar da ta kai waccan daɗi ba. Sau ɗaya ta faɗi sunana, a gaban baƙi, kuma har yau ya ishe ni. Allah Ya jiƙan Inna, Ya haɗa mu inda babu mai raba mana wurin zama.