Na Nuna Masa Ƙofa, Ban Raka Shi Ba

A shekarun da aka bar fam aka koma Naira, ni ne mai gadin ɗakin kwanan ɗalibai maza a wata babbar makaranta a nan Kaduna. Ina zaune a Hayin Banki da iyalina, da yamma kuma ina zuwa ajin yaƙi da jahilci a Kawo. Akwai wani benci a bakin ƙofar da nake gadi, gindin mangwaro. A nan ɗalibai suke zama, suna tsokanata wai Baba ya shiga aji ɗaya da furfura, ni kuma in ce musu su bari in gama mu kara. Wanda yake da damuwa yakan jira sai sauran sun watse, sannan ya faɗa mini.

Shugaban kula da ɗalibai, mutum ne mai kirki, aka tura shi ƙasar waje ya ga yadda jami'o'insu suke kula da yara. Da ya dawo ya tara mu ya ce a can akwai ofis na musamman da ɗalibi mai damuwa yake zuwa ya sami shawara. Aka buɗe irinsa, aka sa wani malami da ya karanci aikin. Aka ce mana duk wanda ya kawo mana kuka mu tura shi can.

Akwai wani ɗalibi daga wani ƙauye mai nisa da ya saba da ni. Na lura ya rame, ya daina zuwa ɗakin cin abinci. Wata rana bayan la'asar ya zauna kusa da ni ya ce mahaifinsa ya kwanta ciwo, babu mai duba gona, shi kuma karatu ya ƙi shiga kansa, yana tunanin haɗa kayansa. Na ce masa ai yanzu an yi ofis saboda irin wannan, na nuna masa ƙofar ofishin da hannu. Ya ce Baba, shi bai san mutumin ba, ta ina zai fara. Na ce ya je kawai, ai aikinsa ne. Ya yi mini godiya ya tashi. Bai je ba. Kafin ƙarshen zangon ya tafi gida, bai sake dawowa ba.

Daga baya malamin ofishin ya gaya mini akwai dokar da za ta ba yaron damar jingine karatu ya dawo, da ya zo da an yi masa. Ya ce shi ma zaman ofis babu mai shigowa ya ishe shi. Sai na tuna cewa a wurinmu mutum ba ya kai wa baƙo damuwarsa sai da wanda zai shige masa gaba, ya yi sallama, ya ce ga ɗana na kawo. Ko bashi za ka nema ko aure, haka muke yi. Tun daga ranar, duk wanda ya zo mini nakan sa takalmina mu tafi tare, sai na ga ya zauna sannan in fito.

Abin da aka koyo daga waje mai kyau ne, ban taɓa cewa ba shi da amfani ba. Amma ku da kuke aiki da yaran mutane, idan wani ya ce muku bai san ta ina zai fara ba, kada ku miƙa hannu ku nuna. Tsakanin bencina da ofishin nan ko ruwan zafi a buta ba zai huce ba kafin a isa, kuma ranar da yaron nan ya zo ban tashi ba.