Hoton da Na Hana Kaka

Ranar wata Alhamis ce a shekarar 2003, babu lakwal, wato boko, babu makarantar allo, muna cunkushe da rana tsaka a rumfar bidiyon Kawu Sani da ke bayan gidanmu a unguwar Zangouettin, an toshe ƙofa da buhu. Shekarata goma sha ɗaya. Fim ɗin babu jini, babu aljani, shi ya sa ma ya fi tayar da hankali. Wani nasara ne mai yawan murmushi ya tare a unguwar baƙar fata, yana bi gida-gida yana ɗaukar hoto. Duk wanda ya ɗauka, washegari iyalinsa ba sa gane shi, sai ka ga wani fari zaune a kujerarsa, matarsa na zuba masa abinci. Turancin ba mai ji, Kawu ne ke tsaye gefen talabijin yana fassarawa da Hausa da Mosanci, kuma wallahi har yau ina zargin rabin labarin daga kansa ya fito. Da aka gama ya ce, "Ku dai ku kiyayi mai yi muku dariya ba dalili."

Na ɗauki maganar nan na haɗiye. Lokacin an riga an shafa wa bangayenmu lamba da jan fenti, manya na ta ƙus-ƙus cewa za a tashe mu. Ko a layin famfo, ko muna carafke a ƙofar gida, baƙuwar fuska ta gifta sai mu bi ta da harara. Ana cikin haka sai ga wata nasara a kan mobilet, ɗan ƙaramin babur ɗin nan, da kyamara rataye a wuya, tana ɗaukar gidajen unguwa, ga murmushi har kunne. Kaka, mahaifiyar babana, tana zaure tana yayyafa wa goro ruwa ta hango ta. Tsohuwar nan ba a taɓa ɗaukarta hoto ba. Ta ce da ni, tunda ni ce mai Faransanci, in roƙi baƙuwar ta jira ta sako mayafinta na Makka, a ɗauke ta jikin ƙyauren da marigayi mijinta ya kafa da hannunsa. Sai fim ɗin nan ya faɗo mini a rai. Kaka na shigewa ciki na dubi matar na ce mata tsohuwa ta ce ba ta so, ta bar mana ƙofa. Ta ba da haƙuri, ta tayar da mobilet. Kaka ta fito fes, har da kwalli, ta tarar da titi wayam. Na ce ai nasarar ce ta ƙi. Ta ce, "To, ƙila ban yi mata kyau ba ne."

Ni kuwa har da alfahari, wai na ceci Kaka. Bayan 'yan watanni motocin rusau suka zo, kuma duk waɗanda ke kansu baƙaƙe ne kamarmu, ba ko ɗaya da ya yi murmushi. Ƙyauren ya tafi cikin ɓaraguzai. Kaka ba ta shekara ba a sabon filin da aka kai mu bayan gari, ta rasu.

Yanzu wayata cike take da hotuna, har na kwanon abinci. Kwanan baya 'yata ta tambaye ni kamannin Kaka, na rufe ido ina lalube, mayafin kawai na samu. Fuskar ta ɓace, kuma ba nasara ce ta ɗauke ta ba.