Asusun Da Na Bari A Buɗe

Shekarar da aka mayar da ni koyarwa a wata firamare da ke ƙauyukan Fulatan, a Karaye nake zaune da iyalina. Kullum da safe sai na hau babur na nufi ƙasar Rogo, bayan azahar na dawo. Albashina ta wani tsohon banki yake shigowa, wanda duk ranar da katina ya ƙi aiki sai na kashe yini guda a hanyar zuwa reshensa. Abokan aikina kuwa duk sun koma wani sabon banki na cikin waya. Ba a cirar musu komai idan sun tura kuɗi, idan sun sayi katin waya a maido musu da wani abu, sannan akwai garaɓasa mai kauri ga duk wanda ya mayar da albashinsa can. Na daɗe ina jan ƙafa, daga baya na cike takarda, albashi ya koma sabon wuri.

Sai dai shi ma tsohon bankin yana da tasa kyautar. Muddin wani adadi na kuɗi ya shiga asusun mutum a wata, za a ba shi data kyauta, a kuma saka sunansa cikin ƙuri'ar da suke yi duk bayan wata uku, inda ake cin firji ko keken ɗinki ko babur. Wani malami a makarantar da na baro ya taɓa cin injin ban-ruwa, da idona na gan shi. Na tambayi limamin unguwarmu, ya ce in dai ba kuɗin ruwa ba ne, kuma ba sayen ƙuri'ar na yi ba, bai ga laifi ba. Saboda haka ban rufe asusun ba. Dabarata ita ce idan albashi ya shigo sabon banki na tura shi tsohon, ya kwana biyu, na maido. Wata biyu na yi haka. A na uku buƙatun gida suka cinye albashin tun kafin ya kwana.

A lokacin ne mijin ƙanwata ya ji ina wannan ƙorafi. Dillalin shanu ne, yana bin kasuwannin yankin, mutum mai fara'a da yawan kyauta, ba ya shigowa gidanmu hannu sake. Ya ce ai wannan ba abin damuwa ba ne. Shi nasa asusun yana da iyakar abin da zai iya karɓa a rana, kuma masu sayen shanu suna matsa masa. Idan na yarda, sai ya riƙa ba su lambar tsohon asusuna, kuɗin su shiga, ya cire da katina. Shi ya huta, ni kuma sunana bai fita daga ƙuri'a ba. Na ba shi katin da lambar sirri a nan zaune, matata tana zuba mana kunun gyaɗa. Saƙon shigar kuɗi da fitarsu dai ya ci gaba da zuwa wayata.

Da farko komai ya yi kama da ciniki. Kuɗi na shiga ranar kasuwa, su fita washegari. Bayan damina ta kankama sai abin ya canza. Kuɗi suka fara shiga a ranakun da babu wata kasuwa da na sani tana ci, daga mutane daban-daban, kuma ba sa yin awa ɗaya sai an kwashe su a wurin masu POS na garuruwan da ban taɓa jin ya ambata ba. Na yi masa magana sau ɗaya. Ya yi dariya ya ce yanzu ciniki a waya ake yi, saniya tana ruga ake sayar da ita. Na karɓi amsar domin ita nake son ji.

A wannan daminar ce aka fara ɗauke mutane a ƙauyukan da ke bakin iyakar jihar. Ba a maganar da ƙarfi. A makaranta sai dai mu ga aji ya ragu, idan mun tambaya a ce sun yi tafiya. Akwai wata yarinya 'yar aji biyar mai kyan rubutu da ta yi sati biyu ba ta zo ba. Mahaifinta na san shi sosai, manomi ne mai 'yan shanu, yana jin Fulatanci da Hausa, kuma shi ne kusan kaɗai uban da yake zuwa da kansa ya tambayi karatun 'yarsa. Shugaban makaranta ne ya ja ni gefe ya faɗa mini cewa kakan yarinyar aka ɗauke a gona, kuma ɗan nasa yana ta sayar da abin da ya mallaka.

Ranar wata Talata ina tsaye gaban allo wayata ta yi motsi a aljihu. Da aka fita tara na duba. Kuɗi ne masu yawa suka shiga tsohon asusun, kuma sunan wanda ya turo cikakken sunan mahaifin yarinyar ne, yadda yake a rajistar ajina. Ina riƙe da wayar saƙo na biyu ya shigo, an cire rabi. Kafin a kaɗa ƙararrawar komawa aji an cire sauran. Ban san abin da na koyar ba bayan nan. Na gaya wa kaina wataƙila saniya ya saya, amma na san mutumin da yake sayar da garkensa ba ya sayen saniya.

Kwana uku bayan haka aka sako kakan yarinyar.

Na sami mijin ƙanwata a gidansa da yamma, yana wanke babur. Na nuna masa saƙon. Bai ko tsaya da wankin ba. Ya ce wani abokin harka ne ya roƙe shi lambar asusu, shi bai tambayi na mene ne ba, kuma bai kamata ni ma na tambaya ba. Na ce ya ba ni katina. Ya shiga ɗaki ya ɗauko, ya miƙo mini da hannu biyu, sannan ya ce, "Yaya, sunanka ne a jiki, ba nawa ba. Ka yi tunani kafin ka gaya wa wani." Ƙanwata tana tsakar gida tana shanya kayan yara, ta ce na tsaya na ci abinci. Na ce ina sauri.

Washegari na nemi izini na tafi reshen bankin. Yarinyar da ke kan teburi ta yi ta lallashina, ta ce asusuna yana cikin masu motsi sosai, sunana ya shiga ƙuri'a sau da dama, asara ce na rufe yanzu. Na ce ta rufe. Na tambaye ta ko idan an rufe bayanan suna gogewa. Ta ɗago ta dube ni, ta ce ba sa gogewa, suna nan ko bayan shekaru. Ta ci gaba da dubana har na sa hannu.

Yarinyar nan 'yar aji biyar ta dawo makaranta, ta zauna a wurinta, tana gaishe ni kamar kullum. Ni ne na kasa kallonta. Bayan sati biyu na kasa jurewa, da aka tashi na bi ta hanyar gidansu. Mahaifinta ya shimfiɗa mini tabarma a gindin ɗorawa. Turken shanun babu komai sai igiyoyi. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, na yi masa jaje da barka, na tambayi jikin Baba, ya ce da sauƙi sai dai ƙafafun ne har yanzu ba sa ɗaukarsa. Daga nan na fara kame-kame ina neman ta inda zan shiga maganar. Ya bar ni na yi ta yi, sannan ya ce:

"Malam, na sani. Da na buga lambar da suka ba ni, sunanka ne ya fito. Ai ta nan na taɓa turo maka kuɗin rigar makaranta."

Na ce to me ya sa bai zo ya same ni ba, ko ya kai ƙarata. Ya ce a ranar bai da lokacin tunanin komai sai mahaifinsa. Daga baya ya yi ta juya abin a ransa, bai san ko ina cikinsu ba, kuma mutanen sun gargaɗe shi cewa idan ya buɗe baki za su dawo. Ya ce ya maido 'yarsa ajina ne don kada na gane ya sani. Sati biyu kenan kullum da safe yana raka ta da ido har ta ɓace, yana roƙon Allah ya sa ta dawo.

Na faɗa masa komai, tun daga garaɓasar har zuwa katin. Ya saurara bai katse ni ba. Bai ce ya yarda ba, bai ce bai yarda ba. Da na ce zan je wurin hukuma, sai ya roƙe ni da girman Allah na bari sai ya girbe dawarsa ya kwashe iyalinsa zuwa wurin 'yan uwansa a Zoza. Ya rako ni har bakin hanya, ya riƙe mini babur na hau. Ya ce na daina bin hanya ɗaya a lokaci ɗaya kullum, domin waɗanda suka san sunana sun san fiye da sunan.

Da kaka ta yi suka tashi. Ni kuma na samu wani ɗan uwanmu lauya a Kano, ya rubuta bayanina, muka kai inda ya dace. An yi mini tambayoyi yini guda, aka ce na tafi za a neme ni. Har yau ba a neme ni ba, ba a kuma ce mini an gama ba. Mahaifinmu da na gaya masa ya aika a kira ƙanwata, ta zo ta yi kwana huɗu, ta ce ita ba ta ga komai a gidanta ba, ta koma.

Mijinta bai daina zuwa gidanmu ba. Da ƙaramar Sallah ya zo da yaransa cikin sababbin kaya, ya raba wa nawa barka da Sallah, ya zauna a zaure muka gaisa kamar yadda surukai suke gaisawa. Da zai tafi ya tsaya yana saka takalmi, ya tambaye ni ko har yanzu a Fulatan nake koyarwa, kuma wane banki nake amfani da shi yanzu. Na ce masa ina nan dai. Ya gyaɗa kai, ya ce Allah ya tsare hanya.