Jan Ƙwan Ɗakin Baba

Assalamu alaikum. A lokacin da wannan abu ya faru ina koyarwa a wata makarantar kuɗi, ban daɗe da aure ba, muna zaune da mahaifina a gidanmu na Unguwar Mu'azu. Ni mutum ne mai son a ce ya iya tattali, kuma in na gano wata dabara ba na barin kowa ya huta da jin labarinta. Shekarar da aka sa mana mita mai kati abin ya zame mini kamar ciwo. Ina bin ɗakuna ina kashe fitilu, ina leƙa mita tun kafin in karya, har matata ta riƙa tsokanata wai da mitar aka ɗaura mini aure.

Baba tsohon ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri. Ciwon suga ya daɗe a jikinsa, ya rage masa gani, ya kashe masa yatsu har ba ya bambance sanyi da ɗumi da hannu. Kullum shi yake yi wa kansa allura, kuma ruwan allurar ba ya son zafi, shi ya sa muka ajiye masa ɗan ƙaramin firji a ɗakinsa, ba a sa komai a ciki sai maganin. Fanka kuwa ba ya yarda a kunna masa, wai tana sa masa ciwon gaɓoɓi. A tsakiyar ɗakin akwai tsohon ƙwan lantarki irin na da, mai ruwan ɗorawa, mai zafi, wanda ba ya kashewa ko da rana tsaka. Wannan ƙwan ya tsaye mini a rai.

Wata Asabar na shiga Kakuri wajen wani ɗan kasuwa Ibo da muke mutunci, ya nuna mini fararen ƙwayayen nan masu araha marasa cin wuta. Mutumin bai ɓoye mini komai ba. Abin da ya fi yabawa ma shi ne ko wuta ta zo ba ƙarfi, su haskensu ba ya raguwa, tar za su tsaya kamar ba abin da ya faru. Na ji daɗin wannan magana, na sayo na gidan gaba ɗaya. Da na zo ɗakin Baba da kujerar da zan taka, sai ya ce in bar masa nasa, sun saba, kuma ƙwan yana gaya masa abubuwa. Dariya na yi, na ɗauka rigimar tsufa ce, ban tambaye shi me yake gaya masa ba. Ranar Juma'a yana fita masallaci na hau na canza. Da ya dawo ya ɗaga kai ya kalli farin hasken, bai yi faɗa ba, tsohon ƙwansa kawai ya ce in miƙo masa, ya naɗe shi a tsumma ya sa a akwati. Duk surutuna a kan ƙwayayen nan, shi kaɗai ban gaya wa abin da mai shago ya ce ba, don ba na so a sake tayar da maganar.

Abin da ban sani ba, don da safe nake fita sai yamma, shi ne Baba da ƙwan nan yake gane ƙarfin wuta. In ya ga ya yi ja ya dushe, ya san firji ba zai iya aiki ba, sai ya ɗauke maganinsa ya ƙulle a leda ya sa a randa, inda sanyin ƙasa zai riƙe shi. Shekara da shekaru haka yake yi bai taɓa ɗora wa kowa ba. To ga bazara ta shigo, zafi ya yi tsanani, wutar unguwarmu ta koma zuwa rabi-rabi. Mu a ɗakinmu muna ganin fanka tana juyawa da ƙyar, muna tsaki, amma ba wanda ya tuna da firjin Baba. Shi kuwa yana ganin haske tar a kansa, har yana gaya wa abokan hirarsa cewa masu wuta sun shiryu a bana.

Sai ya fara yawan ƙishirwa, yana ramewa, in aka gwada sugansa a same shi ya hau. Nan ne na yi abin da har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Na ce lallai yana shan zaƙi a ɓoye. Ya rantse mini bai sha ba, ban yarda ba. Na ɗaga matashinsa, na laluba aljihun rigunansa yana zaune yana kallona, har wajen mai shayin bakin layi na je na ja masa kunne a gaban mutane kada ya ƙara ba Baba shayi mai sukari. Tun daga nan Baba ya rage fita hira.

Wata safiya ya kasa tashi, muka ɗauke shi sai asibiti. Da aka samu kansa, likita ta ce a kawo mata maganin da yake amfani da shi, ta kuma tambayi yadda ake ajiye shi. Ni da alfahari na ce yana da firjinsa na musamman. Matata ce ta koma gida ɗaukowa, sai ga kiranta a waya, tana cewa kwalbar da ɗuminta kamar daga aljihu aka ciro ta, firjin ba sanyi ko kaɗan, ga fitilar ɗakin kuma tana haske tar. Baba yana kwance yana jinmu. A hankali ya ce ai bai taɓa ganin ƙwan ya yi ja ba, da ya sa maganin a randa. A nan na fara jin labarin randa, a nan kuma na gaya masa cewa sabon ƙwan ba ya yin ja. Da yamma na koma gida na buɗe akwatinsa, na mayar da tsohon ƙwan wurinsa na kunna. Ja ya yi kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Na sauko daga kujera na bar masa shi a wurin.

Allah Ya ba Baba lafiya, aka canza masa magani, ya dawo gida. Fararen ƙwayayen suna nan a sauran ɗakuna, ba su da laifi, kuma sun rage mana cin wuta kamar yadda aka ce. Amma ina roƙon masu karatu, in kuna da maganin da ke buƙatar sanyi, ku riƙa taɓa shi da hannunku, kada hasken fitila ya ruɗe ku. Kuma kafin ku cire wani tsohon abu daga ɗakin dattijo, ku zauna ku tambaye shi aikin da yake yi masa.

Ranar da na durƙusa na nemi gafararsa, Baba ya ce maganar ƙwai ta wuce, rashin sani ne, kowa ma zai iya yi. Abin da ya ce ya fi yi masa ciwo shi ne ranar da ya rantse mini, ni kuma na ɗaga matashinsa.