Tayar Gaban Jirgin Baba Seidu

Jama'a, wannan ba jin sa na yi a majalisa ba, a kaina ya faru, Allah kuwa shi ne shaidata. Lokacin ina fita, wato makanike, a unguwar Nima, a shekarun nan na wahala da mutum zai wuni a layin fetur ya dawo da galan fayau. Aikina ƙafar mota ne. Trotro ce, wato bas ɗin haya, ko tasi, in taya ta fara kuka ni ake nema, don in na ɗora boris, zoben nan da taya ke juyawa a kansa, a yatsa na juya shi kusa da kunne, nan take zan gaya maka ko da sauran rai a jikinsa.

To akwai wani tsoho a unguwar Maamobi, Baba Seidu, ya yi shekaru yana gyaran jiragen sama, da ya ajiye aiki sai ya cika tsakar gidansa da katako da bututun ƙarfe, wai jirgi yake ƙerawa, mai kujera ɗaya da injin ƙaramar mota. Unguwa ta yi masa dariya har ta gaji. Ni kam ina son tsohon, duk da bakinsa ba dama, bai taɓa kirana da sunana ba sai Kunne.

Wata rana ya aiko na je, na tarar ya danne wutsiyar jirgin da buhunan yashi, hancin ya ɗaga sama, tayar gaba na lilo. Ya ce, "Kunne, saurara." Ya juya ta, sai ƙurrr, kamar ana niƙa tsakuwa. Muka kwance muka ga boris biyun duk sun yi tsatsa sun ciccinye. Ya ce in nemo masa irinsu kafin Asabar, ranar da zai gwada jirgin, ya ƙara da cewa tayar gaba ita ke jan hanya, in ta cije ana gudu jirgi kifewa yake da mai shi.

Kwana uku ina yawo a wurin masu sayar da kayan mota, ko mai kama da shi babu. Ina dawowa bayan azahar na ratsa bayan wani masallaci, sai idona ya faɗa kan keken makara, wanda a da ake ɗora mamaci a tura, an jingine shi tun da aka samu mota. Idon fita ba ya jin magana, wallahi kallo ɗaya na yi wa tayar na san girman ya yi. Mu a Zongo ba mu san ƙarfe ya zauna banza ba, abin da aka jingine na mai bukata ne. Na waiga ba kowa, na zaro sifana na cire boris biyu daga tayar, ban tambayi liman ba, ban tambayi ladan ba.

Na wanke su da kananzir, na cusa giris da tafin hannu har ya fito ta ɗaya gefen, na ɗaure noti sai da tayar ta fara nauyi sannan na sassauta kaɗan na sa fil. Baba Seidu ya girgiza ta, ba wasa, ya juya ta, shiru. Ya ce, "Wannan ya yi sosai paa. Ina ka samu?" Na ce wurin wani aboki. Ya shiga ɗaki yin alwala ya bar ni ina goge hannu.

Ina tsaye, rana tsaka, ba iska, tayar nan da ke rataye ta fara juyawa. A hankali, daidai tafiyar mutum a ƙasa. Na sa hannu na tare ta, na saki, ta ci gaba. Na sunkuya in duba ko na bar wani abu, sai ƙamshin kafur ya bugi hancina, kafur na wankan gawa, daga cikin giris ɗin da ni na sa da hannuna. La'ilaha! Amma da tsohon ya fito kunya ta hana ni gaya masa, tayar kuma ta tsaya kamar ba ita ba.

Asabar da hantsi aka loda jirgin a babbar mota zuwa wani fili bayan unguwar Malam, aka mayar masa da fukafukan da aka cire don lodi. Mu kusan ashirin ne, har da Alhaji Bukari, ladanin masallacin nan, abokin Baba Seidu na ƙuruciya, da ya zo kallo. Filin shimfiɗe yake, ba gangare ko kaɗan. Ni kuwa ina ta ce wa kaina ƙarfe ai ƙarfe ne.

Baba Seidu ya yi bisimilla ya hau ya ɗaure ɗamara. Ba a ta da inji ba, ba wanda ya taɓa jirgin, sai ya fara tafiya. A hankali, irin tafiyar nan dai. Abin da har yau yake tayar mini da tsigar jiki shi ne mu. Ba wanda ya yi ihu, ba wanda ya yi dariya, kawai muka bi bayansa, kai a sunkuye, hannu a baya, sahu-sahu. Sai na ji Alhaji Bukari a gefena yana cewa ƙasa-ƙasa, "La'ilaha illallah, la'ilaha illallah," wasu suna amsawa. Na dubi fuskarsa, wallahi bai san yana yi ba.

Ban san lokacin da na ruga na cusa ƙaton dutse gaban tayar ba. Na ce, "Baba, sauka! Don girman Allah sauka!" Ya ce, "Kunne, ka haukace ne?" Nan a gaban mutane na faɗi inda na ciro boris. Tsohon ya dube ni ya ce, "Shekara tara ina wannan aiki. Ƙarfe bai san gawa ba sam kuraa, cire dutse!" Na ƙi. Ina kuka, babba da ni, na zare fil na kwance noti, mutane suka danne wutsiya na cire tayar. Ya sauko a fusace, ya ce kar in sake taka ƙofarsa.

A ranar na mayar da boris ɗin jikin keken, Alhaji Bukari na tsaye a kaina. Na ce a raina ko ba komai na ceci ransa, in ya huce zan je in durƙusa.

Ban samu na durƙusa ba. Ranar Talata da safe aka ce Baba Seidu ya idar da walaha ya jingina da bango, shi ke nan. Aka yi masa sutura, aka nemi motar masallaci, ba ɗigon fetur a cikinta, aka nema a unguwa aka rasa. Sai wani ya ce a fito da keken. Ina cikin masu turawa tun daga Maamobi har maƙabarta, tayar nan tana tafiya sumul da giris ɗin da na sa.

Na san ajali na Allah ne, kar wani ya ce na ce wani abu. Amma har yau ban sani ba, hana shi tafiya na yi, ko gyara masa abin tafiyar na yi. Ku masu aikin hannu, in an kawo muku ƙarfe ku tambayi daga ina, kayan mamata kuma ku bar musu abinsu. In kun saɓa wa mutum ku je a ranar, kar ku jira ya huce. Ni na jira.